Ciwo Ba Ya Tambayar Takardar Asali

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga dukkan magidanta da iyalan wannan ƙungiya tamu, na cikin garin Yusufari da na ƙauyuka, da 'yan uwanmu na Gashuwa da Nguru da takardar nan take isa hannunsu, muna neman afuwa a kan jinkirin fitowarta. Dalili kuwa sananne ne ga mafi yawanku: mai riƙe da alƙalamin ƙungiya ya shafe wata biyar yana jinyar karaya. Muna godiya ga waɗanda suka zo dubiya, da waɗanda suka aiko da saƙo, da matasan da suka ƙarasa mana girbin gero ba su karɓi ko kwabo ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

To amma godiya ba za ta hana mu faɗin abin da idonmu ya gani ba, domin jiki magayi. Ba za mu ambaci sunan asibiti ko na ma'aikaci ba, saboda ba da gini muke faɗa ba, ba kuma so muke a raba wani da abincinsa ba. Da wata ɗabi'a muke faɗa, wadda rabinta tana wajen masu duba mu, rabinta kuma tana cikin gidajenmu.

YADDA ABIN YA FARU

Wata ranar Talata a kakar bara, muna dawowa daga gona da amalanke cike da dammunan gero, sai shanun suka firgita a gangaren wani tudun yashi, amalanken ya kife, ya danne mana ƙafar hagu. Ƙwauri ya karye, ƙashi ya huda fata. Duk wanda ya san hanyoyin rairayin ƙasar nan ya san abin da ake nufi da ɗaukar mai karaya a bayan mota, inda kowane rami sai ka ji shi a tsakar kanka.

Wuri na farko da aka kai mu, yaro ɗaya muka tarar yana aiki shi kaɗai. Ya ɗaure ƙafar, ya yi allura, ya ce babu na'urar hoto a nan, ya rubuta takarda ya tura mu gaba. Ba mu da ƙorafi a kansa, ya yi iyakar abin da yake hannunsa. A wuri na biyu ne muka isa bayan sallar isha'i, kuma kafin kowa ya taɓa mu sai aka miƙa wa ɗanmu takarda: kuɗin kati, safar hannu, auduga, bandeji, ruwan ƙari, allura. Kuɗin aljihunsa sun ƙare a shatar mota. Muna kan benci jini yana ɗiga, shi kuma yana zagaye gari cikin dare yana neman wani ɗan garinmu mai shago da zai ranta masa. Sai da kayan suka cika sannan aka ce a shigo da mu.

Da safe likita ya zo zagaye da mutane biye da shi. Ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga, suka yi ta Turanci a kanmu kamar masu taya bijimi a kara, suka juya za su wuce. Muka ce, "Likita, don Allah me hoton ya nuna?" Sai wani daga cikinsu ya waiwayo ya ce, "Baba, in an gaya maka za ka gane?" Aka yi dariya, mu ma muka yi murmushi don kada a ce mun ji haushi. Wannan murmushin har yau yana ba mu kunya.

Bayan kwana tara aka sa siminti aka sallame mu da 'yar takarda mai ɗauke da ranar dawowa. Babu wanda ya gaya mana yaushe za mu fara taka ƙafar, ko yadda za a kula da raunin da ke ciki, ko alamun da in mun gani mu dawo da gaggawa. Sau uku muka koma. Zuwan farko aka ce likita ba ya nan. Na biyu aka ce babu wutar da za ta tayar da na'urar hoto. Na uku aka ce ba a ga fayil ɗinmu ba, sai mun yanki sabon kati. Kowane zuwa shatar mota ce, domin mai siminti ba ya shiga motar haya a matse shi. Raguna biyu da buhun gero huɗu suka tafi a haka. Da muka ce da wata malamar jinya, "'Yata, dare ba na runtsawa saboda zogi," sai ta ce, "Baba, ai karaya dama ciwo gare ta, ka yi haƙuri."

Muka yi haƙurin har ƙafa ta fara wari, zazzaɓi ya rufe mu. A nan ne 'yan uwa suka haɗa kuɗi aka wuce da mu Kano, inda aka fasa simintin aka tarar ciwon ya ruɓe har ya fara taɓa ƙashi, gwiwa kuma ta sandare saboda babu wanda ya taɓa ambata mana gashin ƙashi. Alhamdu lillahi ƙafar ta tsira. Amma yau da sanda muke tafiya, kuma a kan kujera muke sallah.

ABIN DA YA FI KARAYAR CIWO

Da muka dawo gida muka ce za mu rubuta takardar koke, sai dattawa uku daga cikin waɗanda muke girmamawa suka zo har ɗaki. Maganarsu ɗaya ce: "Malam Sakatare, ka bar wa Allah. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kada ka tayar da ƙurar da za ta shafi kowa. Gobe matarka ko jikanka za a kai wurin." Mun san don ƙauna suka faɗa, amma da dukkan ladabi muna cewa wannan magana kuskure ce, kuma ita ce take gurgunta mana mutane.

Da farko dai, mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Tun daga benci har ranar sallama babu wanda ya tambaye mu takardar asalin ƙaramar hukuma. A gadon da ke damanmu wani dattijo ne Bamange, wanda kakan kakansa a ƙasar nan aka binne shi, kuma abin da aka yi mana shi aka yi masa. A hagu wani yaro ne Bafulatani da saniya ta taka, shi ko Hausar ma ba ta ishe shi ba, balle ya tambaya. Saboda haka duk wanda zai ɗauki rubutun nan ya ce Hausawa suna kuka da masu masaukinsu, to ya yi mana ƙarya. Talaka ake wulaƙantawa, kowane yare yake ji. Bambancin kawai shi ne, dattijon nan da aka ƙi kula shi ya ɗaga murya, 'ya'yansa suka je ofis suka yi magana, aka zo aka duba shi. Mu kuwa muka yi murmushi. Takardar asalin da ba a tambaye mu ba, mu muka shigo da ita a cikin zuciyarmu.

Na biyu, wane irin baƙunci ne wannan da ba ya ƙarewa? Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano tun 1930, kuma tun kafin nan fatake suna ratsa ƙasar nan da kanwa da fatu da dabbobi. Da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Yobe daga tsohuwar Borno a 1991, a nan ta same mu. Muna biyan kuɗin rumfa a kasuwa, muna jefa ƙuri'a, muna aurayya da maƙwabta, makabartarmu ɗaya. An ce baƙo raɓa ne, to raɓar da ta kusa shekara ɗari ba ta bushe ba, ai sai a sake mata suna.

Na uku, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai san wannan tsoron namu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito. Wanda ya yi shiru a kan haƙƙinsa don yana ganin shi baƙo ne, ya yanke wa kansa hukuncin da doka ba ta yanke masa ba.

Masu cewa a bar wa Allah kuma, mun yarda karaya ƙaddara ce, ba mu ja da wannan ba. Amma ɓatan fayil ba ƙaddarar da za a rungume hannu a kanta ba ce, sakaci ne na ɗan Adam, kuma addinin da ya umarce mu da neman magani shi ne ya umarce mu da hana ɓarna.

ABIN DA DOKA TA CE

Mu ba lauyoyi ba ne. Da furfura a gemu muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka koyi haɗa baƙi da wasali. Amma zaman jinya ya ba mu lokaci, muka sa ɗanmu ya nemo Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ya riƙa karantawa yana fassara mana. Ga abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe.

Sashe na 20 ya ce ma'aikacin lafiya ko asibiti ba su da ikon ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ke nan barin mai zubar da jini a kan benci sai an kawo kuɗin safar hannu laifi ne a doka.

Sashe na 23 ya wajabta a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu. Har ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi bayanin da harshen da majinyacin yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. Da aka karanta mana wannan wuri sai da muka ce a maimaita. Ashe tambayar nan ta "in an gaya maka za ka gane?" doka ta riga ta amsa ta: aikin mai bayani ne ya faɗa ta yadda za mu gane.

Sashe na 30 ya ba kowa ikon kai ƙara a kan yadda aka yi masa a asibiti, a kuma bincika, sannan ya ce a kafa hanyar kai ƙarar a inda duk mai shigowa zai gani. A 2018 kuma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata guda 12, wanda a ciki akwai haƙƙin sanin dalla-dallar kuɗin da aka caje ka, da haƙƙin a mutunta ka, da haƙƙin yin ƙorafi.

Game da kuɗi, sashe na 11 na dokar 2014 ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun an ware shi ne don taimakon gaggawa. Tun a 2001 ma shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. To idan talaka ya tambayi inda audugar da za a tsayar masa da jini take, ba roƙo yake yi ba, bin bashi yake.

INDA SHIRUN YAKE KAI MU

Wanda asibiti ya sallama da zogi babu bayani, wurare biyu yake nufa. Na farko kyamis. Mu ma mun je, ba za mu ɓoye ba. Yaron shago zai ƙulla maka haɗin ƙwayoyi a leda, ja da fari da rawaya, ka sha safe da dare wata da watanni. Yawancin magungunan kashe zogin nan, irin su dikilofenak da ibufurofen, idan aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba suna cin ciki kuma suna lalata ƙoda. Jama'a, a wace ƙasa muke? Wa bai san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da kewayenta ba, har masana suna ta bincike a kan musabbabinsa? Gida nawa ne a cikinmu suka yi jigilar ɗan uwa zuwa Damaturu wankin ƙoda? Mutumin da ke zaune a irin wannan yanki, a bar shi ya riƙa auna wa kansa maganin zogi da ka, ai an tura shi bakin rijiya ne da dare. Wasu kuma daga nan suke faɗawa tiramol, ƙafa ta warke, shan ƙwaya ya zauna.

Wuri na biyu shi ne wajen maɗori. Ba mu raina sana'ar iyaye da kakanni ba, kuma mun san dalilin da ya sa mutane suke zuwa: maɗori zai zauna a tabarmarka, ya kira ka da sunanka, ya gaya maka kwana nawa za ka yi, ya dawo jibi ya duba, ya karɓi abin da ya sawwaƙa. Abin da asibiti ya hana, shi yake bayarwa. Amma maɗori ba ya ganin cikin ƙashi, kuma karayar da ta huda fata ba ta kara da tsumma ba ce. Ɗaurin da ya yi tsanani yana tsayar da jini, ƙafa ta yi baƙi, ƙarshenta a tafi asibitin ƙashi na Dala a Kano a yanke. Sau huɗu 'yan uwa suka kawo mana shawarar a fasa simintin a kira mai ɗori. Da mun yarda, Allah kaɗai ya san da ƙafa nawa za mu rubuta wannan takarda.

MU YI WA MA'AIKATA ADALCI

Za a ce likitoci sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne. Mun ga malamar jinya ɗaya tana riƙe da ɗaki guda cikin dare da fitilar waya. Mun ga wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya wa yaron nan Bafulatani allura. Irin waɗannan Allah ya biya su. Ƙarancin ma'aikata da rashin wuta da lalacewar na'ura laifin masu riƙe da kasafi ne, kuma da su muke. Amma bayani ba ya cin dizal. Minti biyu sun isa a ce, "Baba, kada ka taka sai mun ce, in ka ji wari ko yatsu sun yi sanyi ka dawo ko da tsakar dare ne." Wannan magana da aka yi mana ita, da ba mu je Kano ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: su ba su faɗa ba, mu ma ba mu nace ba.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ga magidanta, kada a sake kai majinyaci asibiti ba tare da wanda ya iya karatu ba, ko ɗan makaranta ne. A tafi da littafi da biro. Kafin a karɓi sallama a yi tambaya huɗu, a rubuta amsa: Mene ne ya same shi? Wane magani zai sha, sau nawa, har zuwa yaushe? Wace alama ce in an gani a dawo nan take? Ranar dawowa wa za a gani, kuma in ba ya nan wa zai tsaya a madadinsa? Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. Hoton ƙashi da takardun gwaji a adana su a gida kamar takardar gona. A yi tambaya da ladabi, amma kada a tashi sai an sami amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Mai siminti ko ɗauri kuma, idan zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, ko aka ji wari, ko zazzaɓi ya zo, to ba a jiran ranar da aka rubuta. A tafi a ranar. Wannan ya shafi mata musamman, waɗanda sukan danne ciwo don kada a ce sun cika raki, har sai abu ya lalace.

Ga ƙungiya, za mu gabatar da shawara uku a taro mai zuwa. A buɗe littafin koke a wajen sakatare, duk wanda aka yi wa ba daidai ba ya zo a rubuta rana da wuri da abin da ya faru, domin kukan mutum ɗaya ana kiransa fitina, na mutum talatin kuwa hujja ne. A kafa asusun gaggawa na shatar mota, kowane gida ya riƙa ba da abin da aka amince bayan girbi. Sannan mu nemi maƙwabtanmu Mangawa da Badawa da Fulani mu tafi tare, mu kuma riƙa halartar zaman kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan ƙananan asibitoci, maimakon mu bar kujerarmu babu kowa sannan mu ce an ware mu.

Ga hukuma, muna kira da babbar murya ga ƙaramar hukumar Yusufari da ma'aikatar lafiya ta jiha da wakilanmu na majalisa, da a fassara haƙƙoƙin majinyata da Hausa da Barbarci, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowane asibiti tare da lambar da za a kira. A tanadi kayan taimakon gaggawa da za a fara aiki da su kafin a tambayi kuɗi, kamar yadda doka ta ce. A riƙa ba duk wanda aka sallama takardar bayani da harshen da yake ji. A kuma samar da mai gashin ƙashi da zai riƙa zagayowa ko sau ɗaya a wata, domin manomin da ƙafarsa ta sandare, gidansa gaba ɗaya ne ya karye.

Takardar koken da dattawa suka ce mu bari, mun rubuta ta, mun kai, mun karɓi shaidar an karɓa, kwafinta yana wajen shugaban ƙungiya ga mai son gani. Muna roƙon iyayenmu dattawa su gafarce mu a kan saɓa musu da muka yi. Gwiwarmu ba za ta dawo yadda take ba, amma damina tana tafe, amalanke bai daina kifewa ba, kuma ba mu san ɗan wa za a ɗauko gobe ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Yusufari.